Jitar Bes da Ma'anar Inganci: Tsakanin Awon Masana'anta da Kunnen Makaɗin Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan jitar bes, wato jita mai kaurin amo, da hanyoyin da masana'antu suke bi wajen tantance ingancinta. An kwatanta waɗannan hanyoyi da yadda makaɗan Hausa suke auna nagartar kayan kiɗansu na tsirkiya. An ɗauki birnin Katsina a matsayin farfajiyar nazari saboda yanayinsa na hunturu da zafin bazara. Maƙalar ta nuna cewa shaidar ingancin da masana'anta ke bayarwa tana ƙarewa ne a ranar da kaya ya bar hannunta, don haka matakin ƙarshe na tantancewa yakan faɗo a wuyan makaɗi da mai gyara, kamar yadda lamarin yake a kiɗan gargajiya tun asali.

Fitilun Kalmomi: jitar bes, inganci, tsirkiya, garaya, hunturu, Katsina

1.0 Gabatarwa

Nazarin kiɗan Hausa ya daɗe da mayar da hankali ga kayan kiɗan gargajiya. Ayyuka irin su ƙamus ɗin kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King na 1971, da rubuce-rubucen Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙa, sun taskace sunayen kayan kiɗa da sassansu da muhallin da ake amfani da su. Sai dai kayan kiɗan da ake ƙerawa a masana'antu, waɗanda a yau suke raka waƙoƙin Hausa masu yawa, su ma suna buƙatar irin wannan kulawa. Jitar bes misali ce mai kyau, domin ita ce ke riƙe ginshiƙin kiɗa a ƙungiyoyin zamani, kuma kurakuran ƙira sukan bayyana a jikinta ƙarara saboda tsawon wuyanta da nauyin tsirkiyoyinta.

2.0 Jitar Bes da Aikinta

An fara gwada jitar bes mai aiki da lantarki a Amurka cikin shekarun 1930, a hannun Paul Tutmarc na birnin Siyatil, amma ba ta bazu ba sai da Leo Fender ya fitar da samfurin Precision Bass a 1951. Ma'anar sunan ita ce daidaito, kuma an zaɓe shi ne saboda ƙarafan da aka gitta a wuyan jitar, waɗanda wannan maƙala ta kira matakan amo. Babban bes na tsaye da aka saba da shi kafin nan ba shi da matakai, sai makaɗi ya lalubi amo da kunnensa. A 1960 kamfanin ya ƙara samfurin Jazz Bass.

Jitar bes ta yau da kullum tana da tsirkiya huɗu. Mafi kaurinsu tana kaɗawa kimanin sau 41 a daƙiƙa ɗaya, abin da ya sa ake jin amonta a ƙirji kusan kamar yadda ake jin sa a kunne. Tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki inci 34 ne a mafi yawan samfura. Ana kaɗa ta da yatsu biyu, ko da ɗan farce na roba, ko a mare ta da babban yatsa. Aikin makaɗinta biyu ne: ya tafi kafaɗa da kafaɗa da mai ganga wajen riƙe zubin kiɗa, ya kuma shimfiɗa tushen amon da sauran kayan kiɗa da muryar mawaƙi za su hau.

3.0 Kaurin Amo a Kiɗan Hausa

Gurbin da jitar bes ta zo ta shiga ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A kiɗan ƙwarya na mata, irin wanda Barmani Coge ta Funtuwa ta shahara da shi, babbar ƙwaryar da ake kifawa a cikin ruwa ita ke bayar da amo mai kauri. Tambari da ganga suna yin wannan aiki a kiɗan fada da na jama'a. A kiɗan kalangu, irin na Mamman Shata Katsina wanda ya rasu a 1999, makaɗi kan sassauta matsin igiyoyi don ya saukar da amo. Daga cikin kayan tsirkiya kuwa, komo, wato babbar garaya mai jikin duma, shi ne mafi kusa da bes.

A Arewacin Afirka ma akwai dangin waɗannan kayan kiɗa. Gambiri mai tsirkiya uku na 'yan Ginawa a Maroko, da takwaransa na kiɗan sitambeli a Tunisiya, duk suna da kaurin amo, kuma al'adun biyu sun samo tushe daga mutanen da aka kwasa daga kudancin Sahara. Littafin Richard Jankowsky na 2010 ya nuna dangantakar sitambeli da bori. Da kiɗan zamani ya zo, ƙungiyar Bala Miller ta raka waƙoƙin Hausa da jita da bes da kayan busa, a Nijar kuma ƙungiyar Mamar Kassey ta haɗa molo da kalangu da jitar bes a dandali ɗaya. Daga shekarun 1990, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a nazarinsa na kiɗan fina-finan Hausa, fiyano ƙirar Yamaha ta mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano. Tun daga lokacin, amon bes a waƙoƙin fim yakan fito daga fiyano ko kwamfuta, ita kuwa jitar da kanta ta fi rayuwa a wuraren da ake kiɗa kai tsaye, kamar majami'u da ƙungiyoyin badujala da na bukukuwa.

4.0 Tantance Inganci a Masana'anta

Fender ya tsara jitarsa ne don a ƙera ta da yawa. An ɗaure wuya da jiki da kusoshi masu juyi, ta yadda za a sassaƙa kowanne daban, a kuma sauya wanda ya lalace. A irin wannan tsari, inganci yana nufin kowace jita ta yi daidai da awon da aka ƙayyade. Matakan amo su ne misali mafi bayyana. Ana samun wurin mataki na farko ta hanyar raba tsawon tsirkiya da 17.817, wato kimanin milimita 48 a jita mai inci 34, sannan a maimaita lissafin da abin da ya rage. Mataki na 12 yakan faɗa daidai tsakiya, a inci 17. Idan mataki ɗaya ya ɗara 'yan uwansa tudu da ɗan abin da ido ba zai gani ba, tsirkiya za ta riƙa gogarsa tana zizza.

Ilimin tantance inganci da ƙididdiga ya faro daga Walter Shewhart, wanda ya ƙirƙiro jadawalin sa ido a 1924, kuma Edwards Deming ya koyar da shi a Japan daga 1950. Ɗaya daga cikin dabarun wannan fanni ita ce ɗaukar samfuri, wato a duba kaɗan a yanke hukunci a kan duka. Dabarar tana da iyaka. A misali, idan a cikin kaya 100 akwai 2 masu aibi, aka zaɓi 10 aka duba, damar a wuce ba a ci karo da ko ɗaya daga cikinsu ba ta kai kimanin kashi 81 cikin ɗari. Saboda haka jitar da aka gama haɗawa takan bi ta hannun mai dubawa, kuma babban abin da ya raba mai tsada da mai araha shi ne yawan lokacin da aka bai wa wannan mataki, da busar da katako, da goge bakin matakai.

Tarihin Fender ya nuna yadda lamarin ke hawa da sauka. Kamfanin CBS ya saye shi a 1965 a kan dala miliyan 13, aka ƙara yawan abin da ake fitarwa, makaɗa da dama kuma suka riƙa kukan raguwar inganci a shekarun 1970. A daidai lokacin ne masana'antun Japan suka ƙware wajen kwaikwayon samfuransa, har a 1982 ya kafa reshe a can, ya kuma fara fitar da masu sauƙin kuɗi da sunan Squier. A 1985 ma'aikatan kamfanin ƙarƙashin jagorancin William Schultz suka saye shi daga CBS. A yau mafi yawan jita masu araha daga Sin da Indunusiya suke fitowa, kuma masana'anta guda takan ƙera wa kamfanoni daban-daban, kowanne da matsayin dubawar da ya biya kuɗinsa. Ke nan sunan ƙasa shi kaɗai bai isa ya zama hujjar nagarta ko rashinta ba.

5.0 Daga Masana'anta Zuwa Ƙofar Kwaya

Ta Ƙofar Kwaya hanyar Dutsin-ma ta fita daga birnin Katsina, kuma a kan wannan hanya Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman suke. Ɗalibin da ya tara kuɗi ya sayi bes a wannan yanki, sabuwa ko ta gwanjo, zai karɓi kayan da ya yi makonni a teku, ya sauka a Legas mai laima, ya ratsa kasuwa irin ta Alaba, sannan ya hau mota zuwa arewa.

Masu ƙira sukan busar da katako har danshinsa ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, su kuma yi aiki a ɗakin da laimarsa take kusa da kashi 45 zuwa 55. A Katsina kuwa laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 a hunturu, zafi ya haura digiri 40 a bazara, sannan damina ta dawo da danshi. Katako yana tsukewa yana kumbura da waɗannan sauye-sauye, ƙarfe kuwa bai damu da laima ba. Sakamakon haka, bakin matakai yakan leƙo daga gefen wuya ya riƙa yankar hannu. Wuyan da yake ɗauke da jan tsirkiyoyi na fiye da kilo 60 yakan lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da yatsa ko ta kwanta a kan matakai. Ƙura takan shiga maɓallan ƙarar sauti su riƙa ƙarƙara. Ga kuma matsalar wuta: na'urar ƙara amo da aka yi wa Amurka tana aiki da bolt 120, alhali ta Nijeriya 230 ce, kuma rashin wayar ƙasa da amfani da janareta sukan haddasa gurnani a lasifika.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1971, tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su, amma daidaiton wuyan jita da daɗin amonta abubuwa ne da sai mai kiɗa ya taɓa ya ji. Shi ya sa matakin ƙarshe yake a hannun mai saye. Zai danne tsirkiya a mataki na farko da na ƙarshe ya dubi ratar da ke tsakiya, ya kaɗa kowane mataki ɗaya bayan ɗaya, ya kwatanta amon mataki na 12 da na sakakkiyar tsirkiya. Sandar ƙarfen da aka saka a cikin wuya an yi ta ne don irin wannan gyara, a juya ta kaɗan-kaɗan idan yanayi ya sauya.

6.0 Kwatanci da Ƙirar Gargajiya

Mai gurmi ko garaya ko kuntigi sau da yawa shi ne maƙerin kayansa, ko kuwa ya san wanda ya haɗa masa. Kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya yi suna da shi gwangwani ne da tantani da tsirkiya ɗaya, kuma babu biyu da suke daidai da juna. A nan ma'aunin inganci shi ne kayan ya dace da muryar mai shi. An kuma ɗauka tun farko cewa yanayi zai taɓa shi: akan shanya fata ko a kusanta ta da wuta idan ta saki, mai goge ya shafa ƙaro a izga, mai garaya ya matsa ɗaurin tsirkiya kafin ya fara. Gyara wani ɓangare ne na sana'ar kiɗa.

Akwai kuma batun karin harshe. Hausa tana bambanta kalmomi da karin sama da na ƙasa da faɗau, kuma kayan kiɗa marasa matakai, kamar goge da kukuma da gurmi, suna iya zamewa tsakanin amo da amo su bi maganar mawaƙi. Matakan jita kuwa sun raba zango gida 12 daidai wa daida bisa tsarin Turai. Daidaiton da masana'anta take alfahari da shi yakan zama takunkumi ga wanda yake son bes ɗinsa ta yi magana irin ta kalangu. Ko a Amurka, Jaco Pastorius ya cire matakan jitarsa don ya sami wannan zamiya. Makaɗin da ya tashi da kunnen gurmi yana da dalilin da ya fi nasa ƙarfi na gwada bes maras matakai.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kalmar inganci tana ɗauke da ma'ana biyu a nan: dacewa da awo, da dacewa da muhalli da murya. Masana'anta tana iya tabbatar da ta farko, ta biyu kuwa sai a inda ake kiɗan. Abin da ke gaban masu nazarin Hausa shi ne su tattara kalmomin da makaɗa da masu gyara suke amfani da su a Katsina da Kano da Zariya da Maraɗi, su daidaita su da sunayen gargajiya irin su jaki da tsirkiya da farce, su kuma taskace dabarun masu haɗa garaya da komo tun suna raye. Da wannan ne za a iya rubuta jagoran kula da kayan kiɗa da Hausa, wanda zai yi la'akari da hunturu da bazara da damina.