Mece ce gwamnatin makaranta?

Gwamnatin makaranta, wadda ake yawan ambata a labaran ilimi na jihar Damagaram, tsari ne da ke bai wa ɗaliban firamare damar zaɓen shugabanni daga cikinsu domin su sa baki a tafiyar da makarantarsu. Tushensa sashe na 12 ne na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, sashen da ya tanadi a saurari ra'ayin yaro kan duk abin da ya shafe shi.

Yara kan kaɗa ƙuri'a su fitar da shugaba, sannan a naɗa ministoci masu kula da tsafta, lafiya, wasanni da sasanta rigima, wani malami yana yi musu jagora. Ministan tsafta, alal misali, shi ke tsara sharar fili da duba randunan ruwan sha. Haka kuma ɗalibai suna da wakilci a kwamitin CGDES, wato kwamitin iyaye da malamai mai kula da kuɗi da kayan makaranta, ko da yake al'adar kunya takan hana yaro buɗe baki gaban manya, sai kujerarsa ta zama ta je-ka-na-yi-ka.

A sakandare da Jami'ar André Salifou ta Damagaram kuwa, ƙungiyar USN, wadda aka kafa a 1960, ita ce muryar ɗalibai.