YADDA JINI KE ƊAURE ƘWAYAR KORONA

Malaman makaranta da akawuna sun sha tambayata, yaya mutum zai yi rigakafin korona kuma daga baya ta kama shi? Amsar tana cikin jini.

Ita wannan ƙwaya, wadda ta ɓullo a Wuhan ta ƙasar Sin a Disamba 1919 da ɗari, watau 2019, aka kuma tabbatar da isowarta Ikko ran 27 ga Fabrairu 2020, siffarta kamar ƙarangiya ce, duk jikinta ƙaya. Ba ta iya hayayyafa da kanta, sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a hanci da maƙogwaro da huhu. Kan ƙayar nan shi ne mabuɗinta, da shi take kama wata ƙofa da likitoci ke kira ACE2, ta buɗe ta shige.

To, idan ta shiga, waɗansu fararen ƙwayoyin jini sukan ƙera 'yan tsaro masu siffar gwafa, kowane an sassaƙa bakinsa daidai da wani sashe na baƙuwar. Aikin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Amma ba dukansu ne ke hana shiga ba. Waɗansu sukan manne a gefe, su zama alama kurum, don ƙwayoyin jini masu haɗiye datti su gane ta. Waɗanda suka fi daraja su ne masu cafke kan ƙayar kanta. Mabuɗin da aka lulluɓe da danƙo ba ya shiga kwado, sai ƙwayar ta yi ta yawo a majina har a share ta.

Allurar rigakafi, wadda ta fara isowa Nijeriya a Maris 2021, nuna wa jini siffar ƙayar take yi tun kafin ɓarawon ya zo.

Sai dai 'yan tsaron sukan ragu bayan 'yan watanni, ƙwayar kuma tana sāke kama. Irin da aka kira Omikron, wanda aka ba da labarinsa daga Afirka ta Kudu a Nuwamba 2021, ya zo da canji fiye da 30 a ƙayarsa, tsofaffin gwafanni da yawa suka kasa kama shi. Dalilin ke nan da mai allura kan yi mura. A ganina bai kamata a ce allurar ta faɗi ba, gama akwai waɗansu fararen ƙwayoyin jini da ke kashe duk ƙwayar halittar da cutar ta shiga, su kuwa canjin ƙaya bai cika ruɗa su ba. Su ne suka hana mutane da yawa kwanciya asibiti.