Yadda Kwamfuta Ke Ƙirga Abin Da Ba Ta Iya Riƙewa

A fitowar wannan mako mun ɗauko wata tambaya daga fannin kwamfuta: ta yaya kamfanoni irin su Google da Facebook ke sarrafa bayanan da ke kwararo musu dare da rana, alhali babu kwamfuta ɗaya da za ta iya ɗauke su duka? Dabaru biyu ne, kuma ana iya gwada su da biro da takarda.

Kafin nan, mu san kalmar algoridim. Tana nufin jerin matakan da ake bi a warware matsala, kuma ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

Dabara ta farko: riƙe kaɗan, bar sauran su wuce

A ce ana karanto mana makin ɗalibai 500 ɗaya bayan ɗaya, ana son matsakaicin maki. Ba sai mun rubuta duka ba. Lambobi biyu sun isa: jimillar makin da aka karanto, da yawan ɗaliban da aka ambata. A ƙarshe mu raba jimillar da yawan.

Ga wadda ta fi wannan ban sha'awa. A farkon shekarun 1980, Robert Boyer da J Strother Moore sun fito da hanyar gano wanda ya samu fiye da rabin ƙuri'u ba tare da an tara ƙuri'un ba. Abin da ake riƙewa shi ne suna ɗaya da lamba ɗaya. Idan lambar tana kan sifili, sai a ɗauki sunan da ke kan sabuwar ƙuri'a, lambar ta zama 1. Idan ƙuri'a ta zo daidai da sunan da ke hannu, a ƙara 1. Idan ta saɓa, a rage 1.

Mu gwada da zaɓen launin rigar wasanni: kore, ja, ja, shuɗi, ja, kore, ja. Mun fara da kore a kan 1, ja ta mayar da ita sifili. Ja ta gaba ta hau da 1, shuɗi ta sauke ta. Ja ta sake hawa, kore ta sauke ta, sannan ja ta ƙarshe ta tsaya a kan 1. Ja ce ta rage, kuma lallai ita ke da 4 cikin 7. Dalili kuwa shi ne duk ragi yana kashe ƙuri'u biyu mabambanta, kuma launin da ya haura rabi ba za a samu isassun ƙuri'un da za su kashe shi duka ba. Amma a kula: idan babu wanda ya haura rabi, sunan da ya rage ba hujja ba ne. Shi ya sa ake sake bin ƙuri'un sau ɗaya don tabbatarwa.

Dabara ta biyu: aikin gayya

Idan aiki ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, sai a raba wa ɗaruruwa ko dubbai. A 2004 injiniyoyin Google biyu, Jeffrey Dean da Sanjay Ghemawat, sun bayyana tsarin MapReduce: kowace kwamfuta ta yi aiki a kan kasonta, sannan a haɗa sakamakon.

Wurin haɗawar nan ake zamewa. A ce aji ɗaya na da ɗalibai 10 da matsakaicin maki 80, wani kuma na da 40 da matsakaicin 50. Mai gaggawa zai haɗa 80 da 50 ya raba biyu ya ce 65. Amsar gaskiya ita ce 800 a tara da 2,000, a raba da 50, wato 56. Ke nan kowane aji ya aiko da jimilla da yawan ɗalibansa, ba matsakaici ba. Sannan a gayyar kwamfutoci wata kan mutu ana tsaka da aiki, saƙo kan makara ko ya ɓace, kuma dole tsarin ya ci gaba ba tare da an ƙirga kaso ɗaya sau biyu ba.

A ina za mu koya?

Shawararmu a bi mataki-mataki. 'Yan ƙananan azuzuwa su fara da Scratch na jami'ar MIT da ke Amurka, inda ake jera umarni kamar tubala. Daga nan sai harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Mai wayar Android na iya rubuta shi a manhajar Pydroid 3. Wanda ya ɗan yi nisa ya nemi CS50, darasin jami'ar Harvard da David Malan ke koyarwa, ko shafin freeCodeCamp. Duk biyun kyauta ne, kuɗin data kawai za a kashe. Masu niyyar karanta kwamfuta a jami'a su ajiye sunan Martin Kleppmann na jami'ar Cambridge a Ingila, domin laccocinsa kan aikin gayyar kwamfutoci suna YouTube. Duk da Turanci suke, don haka kada a yi wasa da darasin Turanci da na lissafi. Kallon bidiyo kaɗai kuma ba ya koyar da kowa, sai an zauna an rubuta an gwada.

Gasar mako

Za a karanto maka lambobi daga 1 zuwa 100 a hargitse, an cire guda ɗaya. Lamba ɗaya tak aka yarda ka riƙe a takarda, amma kana iya sauya ta bayan kowace lamba da ka ji. Yaya za ka gano wadda aka cire? Ga ɗan haske: jimillar 1 zuwa 100 ita ce 5,050. A miƙa amsa ga kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis, tare da suna da aji. Malamai ma muna jiran taku.