Zinaren Wasa Ya Jawo Ɓarayin Gaske

A shekarar 2001 aka fito da RuneScape, wasan intanet na kamfanin Jagex da ke birnin Kambirij a Ingila, inda dubban mutane ke shiga lokaci guda suna saran itace, suna kamun kifi, suna tara zinaren cikin wasa. To amma da wasu suka fara sayar da zinaren nan da kuɗin gaske, sai ɓarayi suka samu ƙofa.

Wasunsu kan sa manhajar da ake kira bot ta yi ta tara zinare dare da rana ba kowa a gaban kwamfuta. Wasu kuwa saƙon imel suke aikowa mai kama da na kamfanin, su ce za a rufe maka asusu, su kai ka shafin jabu ka rubuta kalmar sirrinka. Kafin ka farga an kwashe wahalar shekaru.

A watan Disambar 2007 kamfanin ya taƙaita ciniki tsakanin 'yan wasa domin ya kashe kasuwar, matakin da ya shafi masu gaskiya ma. Sai a watan Fabrairun 2011 aka dawo da cinikin bayan 'yan wasa sun kaɗa ƙuri'a. A watan Oktoban shekarar kuma kamfanin ya ce ya kawar da kashi 98 cikin 100 na bot.

Sai dai kamfani ba zai iya tsare asusun da mai shi ya miƙa makullinsa da hannunsa ba. Duk saƙon da ya nemi kalmar sirrinka, mai karatu, ɓarawo ne ya aiko shi.