Auna Kwarara da Salwantar Ƙunshi a Intanet ta Layin Umarni: Misali daga Keffi

1.0 Gabatarwa

Manazarcin da ya naɗi hirar Gwandara, wato harshen da ya fi kusa da Hausa, a ƙauyukan Keffi yakan buƙaci aika naɗin ga abokin aikinsa a Kano ko ƙetare. Naɗin awa guda mai ingancin faifan CD yakan kai megabayit 635. In aikawa ta faskara, akan ce "ba netwok". Wannan furuci ya haɗe matsaloli biyu mabambanta, kowace da ma'auninta.

2.0 Salwantar Ƙunshi

Kwamfuta takan daddatsa saƙo zuwa ƙananan yankuna, kowanne a kira shi ƙunshi, a sake harhaɗa su a inda suka sauka. Wanda ya ɓace a hanya sai an sake aika shi. Ma'aunin wannan shi ne ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a Amurka a 1983. A Linux akan rubuta ping -c 100 8.8.8.8, a Windows kuwa -n ke maye gurbin -c. Kwamfutar za ta aika ƙunshi 100 zuwa wannan adireshi na Google, ta faɗi nawa suka dawo da milisakan nawa suka ɗauka. Idan 95 suka dawo, an yi asarar kashi 5 cikin 100 ke nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙa'idar TCP da ke jigilar fayil takan ɗauki ɓatan ƙunshi a matsayin alamar cunkoso, sai ta rage gudu.

Ya kyautu a fara gwada na'urar da ke cikin ofis kafin ta nesa. Ba kullum laifin ke Keffi ba: a ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku ne suka tsinke daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta raunana a Nijeriya.

3.0 Kwarara

Kwarara ita ce yawan bayanin da ke wucewa a daƙiƙa guda. Manhajar iperf3 ke auna ta, amma tana buƙatar kwamfuta biyu: ta Kano ta saurara da iperf3 -s, ta Keffi ta kira ta da iperf3 -c haɗe da adireshinta. Gwajin daƙiƙa 10 ne, kuma gudun aikawa yake aunawa, wanda shi ya shafi mai naɗi. Idan ya nuna megabit 1 a daƙiƙa, waccan hirar za ta ci kimanin minti 85 kafin ta isa Kano.