Tuwo Ko Mai: Wanne Ya Fi Ba Manomi Ƙarfi?

Mai gida, watakila ka ji labarin wata al'ada da ta taso daga Turai da Amurka, har ta iso biranenmu. Masu binta su kan bar cin hatsi da doya da rogo, su koma ga nama da ƙwai da mai, wai don su rage ƙiba su ƙara ƙarfi. To, kafin wani a gidanka ya ɗauka, ga abin da ya kamata ka sani.

Jikin mutum kamar murhu ya ke, makamashinsa kuwa iri biyu ne. Gero da dawa da masara da shinkafa su ne kara, nan da nan su ke kamawa. Man gyaɗa da man shanu da kitse su ne gungume, ya kan daɗe yana ci, amma ba ya saurin kamawa. In kana bin shanu a hankali, gungume ya ishe ka. Amma huɗa da sassabe da daka da kokawa, sai da kara.

Hatsin da ka ci ya kan zama sukari, jiki ya ajiye shi cikin tsoka da hanta. Ajiyar nan kaɗan ce, misalin rabin kilo. In ta ƙare, sai ka ji gaɓoɓinka sun mutu.

An gwada wannan a ƙasar Suwidin cikin 1967. Aka sa waɗansu mutane tuƙa keke har su gaji. Bayan kwana uku suna cin nama da mai, minti 57 suka iya. Da abinci gauraye suka yi minti 114. Da aka yawaita musu abinci irin na hatsi, sai da suka kai minti 167.

Cikin 2017 kuma masana a Ostireliya suka ba da labarin gwajin da suka yi wa gwanayen tseren tafiya da sauri. Waɗanda suka yi mako uku a kan mai, lalle jikinsu ya koyi ƙona kitse, amma saurinsu bai ƙaru ba a tseren kilomita 10. Waɗanda aka ci gaba da ba su abinci irin na hatsi kuwa suka ƙara sauri.

Saboda haka, ga shawara:

Kada ka fita gona da damina ba ka karya da koko ko ɗumame ba. A kai maka fura da rana.

Kada a raina mai. A sa man gyaɗa ko manja a miya, musamman domin yara, a haɗa da wake da ganye.

Mace mai ciki ko mai goyo kada ta bar hatsi.

Mai ciwon sukari da ke shan magani kada ya sake abincinsa sai ya shawarci likita, domin sukarin jininsa na iya faɗuwa har ya suma.

Ka tuna, da ruwan ciki a kan ja na rijiya.