Ko Ka San Yadda Kwamfuta Ke Matse Hoto Kafin Ta Adana Shi?

Ko ka san hoto guda da wayarka ta ɗauka zai iya kai megabayit 36 in ba a matse shi ba? Kyamara mai megafiksel 12 tana haɗa hoto da ɗigo miliyan 12, kowane ɗigo kuma yana cin bayit uku: na ja, na kore da na shuɗi.

To, duba yawan hotunan da ake ɗauka a Paki da Ikara da Makarfi da Kudan kaɗai, na katin ɗan ƙasa, na BVN, da na ɗalibai masu cike fom ɗin JAMB. Hukumar NIMC ta yi wa sama da mutum miliyan 100 rajista, kowa da hotonsa. Ina za a zuba su duka?

Dabara ta farko ita ce JPEG, tsarin da aka fitar a 1992. Kwamfuta tana yanka hoton gida-gida, ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance. Da yake idon mutum ya fi lura da haske da duhu fiye da bambancin launi, sai ta zubar da ƙananan bayanan da ido ba ya kamawa. Farin ƙyallen da mai hoto ke ratayawa a bayanka ba ya cin wuri sosai, domin ɗigoginsa kusan iri ɗaya ne. Da haka nauyin hoto kan koma kusan kashi ɗaya cikin goma.

Dabara ta biyu ita ce raba hoto da rumbun bayanai. Ɗan kasuwar hatsi yakan ajiye buhuna a sito, ya rubuta lissafinsu a littafi. Haka masu tsara manhaja da yawa ke yi: hoton yana can wata ma'ajiya, rumbun kuma yana riƙe da adireshinsa kawai. Masu amfani da tsohuwar manhajar rumbun bayanai ta Microsoft Access sun ɗanɗana kuɗarsu, domin takan kumbura hoton da aka cusa mata, alhali fayil ɗinta ba ya wuce gigabayit 2.

Sai dai abin da JPEG ya zubar ba ya dawowa, kuma duk lokacin da aka sake matse hoto, ƙara dusashewa yake yi. Don haka mai karatu, ka adana hotonka na asali a wuri mai kyau, ka riƙa tura kwafinsa kawai.